ptx: yana fitar da fihirisa nan take, amma bai san ƙ da ɗ ba

Kusan duk wanda ke da Linux a kwamfutarsa yana da ɗan shirin ptx, ko ya sani ko bai sani ba, don yana cikin kunshin GNU coreutils tare da ls da sort. François Pinard ne ya rubuta shi, dabarar kuwa ta samo asali daga aikin Hans Peter Luhn a kamfanin IBM a ƙarshen shekarun 1950. Aikinsa ɗaya ne: ka ba shi rubutu, ya ɗauki kowace kalma ya tsayar da ita a tsakiyar layi, abin da ya gabace ta a hagu, abin da ya biyo ta a dama, sannan ya jera layukan bisa haruffa. Jimla mai kalma 6 kamar "manoma sun shuka gero a Tahoua" za ta fito layi 6. Ga ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni mai nazarin harshe, ko mai rubuta hirarrakin baka irin waɗanda ake adanawa a cibiyoyin bincike na IRSH da CELHTO a nan Yamai, wannan babban sauƙi ne: duk inda aka ce "gero" a rubutun za ka gan shi a jere wuri guda.

Fayil ɗin dole ya zama zallar rubutu. Idan PDF ne, a fara bi da shi ta pdftotext, shirin da ke mayar da PDF zallar rubutu.

Babban aibinsa ga mai Hausa shi ne lissafinsa na bayit-bayit ne. A tsarin UTF-8 da kwamfuta ke adana haruffa da shi, harafi irin a ko b bayit (ma'aunin bayanai) 1 ne, amma ɓ, ɗ, ƙ da ƴ kowanne bayit 2 ne, ptx kuma ba ya ɗaukar su a matsayin haruffa, sai ya yanke kalma a kansu. Gwada da kanka:

echo "ƙasa ta haɗa ma'aikata" | ptx

Za ka tarar da "asa" a ƙarƙashin a, "haɗa" ta rabu "ha" da "a", "ma'aikata" ma ta tsinke a kan alamar ɗauri ('). Fihirisa irin wannan ba ta da amfani ko kaɗan, kuma ptx ba zai yi maka gargaɗi ba.

Maganinsa zaɓin -b ne. Ana ba shi fayil mai ɗauke da alamomin da ke raba kalmomi, duk abin da ba ya cikin fayil ɗin kuma ya zama ɓangaren kalma:

printf ' \t\n.,;:!?()"' > rabe.txt

Kada a sa alamar ɗauri ko karan ɗori a ciki, don "sa'a" da "yau-da-kullum" su tsaya cikakku. A nan akwai tarkon da ya kamata a kula da shi sosai. Rubutun da ya fito daga Word yakan zo da lanƙwasasshiyar alamar ’ da dogon kara – da kuma « » na Faransanci. Kada ka zuba su cikin rabe.txt. Bayit na ƙarshe na ’ shi ne 99 a lissafin hex (mai tushe 16), wanda kuma shi ne bayit na biyu na ƙ. Na – kuwa 93 ne, daidai da na ɓ. Da ka sa su, ptx zai koma yanka ƙ da ɓ gida biyu. A wanke rubutun tukuna:

sed "s/’/'/g; s/[«»“”–]/ /g; y/ƁƊƘƳ/ɓɗƙƴ/" hira.txt > tsabta.txt

Ƙarshen umarnin yana mayar da manyan haruffa masu ƙugiya ƙanana, saboda zaɓin -f yana haɗa "Gero" da "gero" amma ba ya haɗa "Ƙasa" da "ƙasa".

Sai maganar ƙananan kalmomi. Da, a, na, ta, ya, ne, ce, ba, sai, kuma: waɗannan za su cika shafuka ba gaira ba dalili. Rubuta su a watsi.txt, kalma ɗaya kowane layi, ka miƙa da -i. In kuwa wasu kalmomi kaɗan kake bi, misali sunayen garuruwa, -o ya fi dacewa, shi waɗanda ka lissafa kawai yake fitarwa. Cikakken umarnin:

ptx -f -A -b rabe.txt -i watsi.txt -w 110 tsabta.txt > fihirisa.txt

Zaɓin -A yana sa sunan fayil da lambar layi a gefe, ba tare da shi ba kuwa sai ka sha wahalar komawa asali. Faɗin da ya zo da shi 72 ne, ya yi wa jimlar Hausa kaɗan, shi ya sa -w 110. Inda ya datse jimla yana sa alamar /. Idan jerin sunayen takardu ne, kowane layi da kansa, ƙara -S '\n' don kada wani take ya shiga cikin wani. A yi hattara da -G: a wannan yanayin suna na biyu da ka rubuta shi ne wurin fitarwa, ptx zai shafe abin da ke cikinsa.

Abu biyu sun rage da -b bai gyara ba. Kalmomin da suka fara da ƙ, ƴ, ɓ, ɗ suna faɗawa can ƙasa bayan z, maimakon ɓ ta bi b kamar a ƙamus. Kuma layin tsakiya yana ɗan karkacewa, gurbi ɗaya ga kowane harafi mai ƙugiya da ke hagu. Don binciken kai wannan ba komai ba ne. Don littafin da za a kai maɗaba'a kuwa bai isa ba: gara a fitar da -T ko -O, waɗanda ke raba kowane layi gida-gida don TeX ko roff (shirye-shiryen tsara shafukan bugawa), a sake jerawa da wani ɗan shiri da ya san tsarin haruffan Hausa.