Gam ɗin haƙoran Baba, ga yadda na gan shi a Ingila

Yaya salamu alaikum, ya Agege, ya jikin Baba, ya su Hajiya da yara. Na saurari saƙonki sau biyu, wallahi wajen da kika ce haƙoran roban Baba sun zamo cikin kwanon tuwo gaban baƙi har ya daina fita majalisa cin tsire, abin ya tsaya min a rai. Kin ce in duba ko akwai gam mai kyau a nan. Akwai, kuma kin tambayi wanda ya dace, don a gidan kula da tsofaffin da nake aiki kusan kullum da safe sai na shafa wa wani.

A nan ba abin ɓoyo bane, a kanti yana jere kusa da man goge baki, Fixodent da Poligrip su ne aka fi gani, akwai na shafawa, akwai na hoda, akwai mai kama da 'yar takarda da ake shimfiɗawa. Can gida kuwa kin sani sai kin shiga babban kemis wajen Ikeja ko tsibirin Legas, wani lokacin ma yaron kantin ya tsaya yana kallonki. Akwai wata tsohuwa da nake kula da ita, in na wanke nata na tsane, sai in ɗiga uku ko huɗu ƙanana a ciki nesa da gefe, ta kurkure baki ta danna ta cije na ɗan lokaci, shikenan har dare. Ranar farko na lafta mata kamar ina shafa bota a burodi, ya tsattsafo ta gefe, hararar da ta yi min har yau ban manta ba. Shi gam ɗin, da yawu yake aiki, in ya sha ruwa sai ya kumbura ya yi danƙo ya cike gibin da ke tsakanin roba da dasashi. Abin dariya ma, na zamanin da da ƙaro ake haɗa shi, irin wanda ake tarawa a Yobe da Borno, daga baya aka koma sinadarai.

Sai dai ki lura da maganar sinadarin zink. Wasu nau'in suna da shi, kuma mutanen da suka yi shekaru suna laftawa fiye da kima ya rage musu sinadarin tagulla a jiki, jijiya ta taɓu, hannu da ƙafa su riƙa mutuwa. A 2010 kamfanin GSK ya daina sa zink a Poligrip ɗinsa saboda haka. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce bututu mai giram 68 ya kamata ya kai sati 7 zuwa 8 ga mai haƙoran sama da ƙasa. To kin san Baba, in aka ce cokali ɗaya shi ludayi zai sa, shi ya sa marar zink zan turo.

Har yanzu kuma ba su huta ba, bincike suke ta yi. A 2024 masu bincike a King's College da ke Landan suka kwaikwayi oktofus, wannan halittar tekun mai hannu takwas da take manne wa dutse a cikin ruwa, suka buga 'yan mitsi-mitsin ƙoƙuna a cikin haƙoran roba masu tsotsar ganɗa kamar ƙahon wanzami, a gwajinsu riƙon ya ninka na gama-gari. Wannan bai zo kanti ba tukuna, kar ki je ki faɗa wa Baba ya ce in sayo masa gobe.

Amma gaskiyar da nake son ki ji, gam ba zai gyara na Baba ba. Shekara nawa da yi masa su, tun kafin auren autarmu fa. In an cire haƙori ƙashin muƙamuƙi raguwa yake yi a hankali, baki ya canza roba kuma tana nan yadda aka zuba ta, kamar hular da ta yi wa kai yawa ce, ko me ka cusa sai ta karkace. Likitan haƙori zai sake cike cikinta ta zauna daidai, ko ya auna a yi sabo. Kuma a nan ne kuka fi mu, wallahi. Nan haƙoran roba a tsarin gwamnati sama da fam 300 ne, kuma samun likitan da zai karɓi sabon mutum a tsarin ma aiki ne, mutane na ta jira, na kuɗi kuwa kar ki tambaya. Ku kuwa ga asibitin koyarwa na Idi-Araba da na Ikeja duk suna da sashen haƙori, ga masu zaman kansu, in da kuɗi a hannu ba za a ja ku wata da watanni ba. Ki kai shi don Allah, kuɗin zan turo ƙarshen wata.

Sannan wancan maƙwabcin da ya ba shi shawarar Super Glue, ki ce na gaishe shi amma a'a, wannan na takalmi ne da bokiti, zai ƙona masa dasashi ya lalata robar. Da dare kuma ya cire su ya wanke ya jiƙa a ruwa, ya goge ragowar gam ɗin daga bakinsa, kwana da su ne ke kawo jan ganɗa da ƙuraje.

Wani ɗan Mile 12 da muke masallaci ɗaya zai zo gida wata mai zuwa, zan ba shi bututu uku. In zai dawo kar ki haɗo shi da kilishi, ƙwacewa za su yi a filin jirgi, kuka da yaji kawai ki sa min.