Hattara da masu yawon gyaran shofo gida gida

Salamu alaikum jama'ar Maradi. Duk mai shofo a gida, tukunyar ruwan zafin nan ta kuran, don Allah ya tsaya ya karanta wanga. Tun da ɗari ya shigo akwai wasu samari biyu da ke yawo bisa moto da jakar kayan aiki wai su plombiye ne, mu a Ali Ɗan Sofo suka same mu.

Namu mai lita 50 ne, ya kwana biyu in ya ɗau zafi sai ka ji ƙas ƙas ƙas kamar ana suyar gugguru, wani sa'in har da gurnani, uwargida ta hana yara shiga wanka in yana kunne. To ana cikin haka sai ga su. Babban ya kara kunne jikin tukunyar ya yi salati ya ce "Alhaji ai da bam kake kwana", ya nuna mini ɗan famfon ƙasan nan da ke ɗigar ruwa ya ce ka gani har ya fara tsagewa. Ni kuwa mi na sani, tsoro ya kama ni na ƙirga jika 25 na ba su wai kuɗɗin sabuwar rezistans, ƙarfen da ke zafafa ruwan, da na aiki. Suka ce a ba su wuri, minti talatin suka fito, ɗigar ta tsaya, har godiya na yi musu wallahi.

Washegari ƙara na nan yadda take, lambar da suka bari kuma a kashe.

Sai na kira wani tsohon plombiye da ya yi wa mahaifina aiki tun muna yara. Yana leƙawa ya ce "ɗana wa ya yi maka wanga ta'asa? kashe kuran yanzu yanzu". Ashe toshe bakin famfon suka yi da bushon, wato marfi. Na ce Baba ba yoyo ba ne? ya ce wane yoyo, sunan abin grup de sekirite, ruwa in ya yi zafi kumbura yake, shi kuma aikinsa ya saki rarar kafin matsin ya wuce bar 7 a ma'aunin matsi, ɗigar nan lokacin da tukunya ke zafi alamar lafiya ce. Wanda ya toshe shi ne ya haɗa maka bam ɗin na gaske. Rezistans kuwa ko ƙusa guda ba su kwance ba.

Ƙarar fa? farar ƙasar ruwa ce, kalker, ta taru a gindin tukunya ta lulluɓe rezistans, ruwan da ya maƙale ƙarƙashinta ke tafasa yana fashewa, gugurun kenan. Gabana ya zubar da ruwan ya buɗe ya kwaso ta kusan rabin tiya, ya canza roba da sandar anod mai kare tukunya daga tsatsa da ta cinye, ya maida termosta, mai daidaita zafin ruwa, kan digiri 60, shiru kake ji. Ya ce tik tik na bututu ƙarfe ne ke miƙewa da zafi, gwaf ɗin da ake ji in an rufe famfo da sauri kuma ruwa ne ya ci birki, duk ba su kai a tada hankali ba. Wadda ake gudu ita ce ka ji tukunya na tafasa ba tsayawa kuma tururi na fita a famfo, nan termosta ta mutu, ka sauke disjonkter, makunnin da ke yanke kuran, ka nemi mai gyaran da ka san shagonsa.

Ni ma da sauƙi, maƙwabciyarmu Hajiya tata gaba ɗaya suka kwance wai za su kai atelye su wanke, yau kwana tara. Babban cikin samarin dogo ne siriri mai yawan kawo hadisi, ƙaramin ba ya magana shi ke tsare ƙofar banɗaki. In sun ƙwanƙwasa muku kar ku bari su taɓa komi, ku ɗauki lambar moton ku kai komisariya.