Hattara da maƙerin jitar da ke cinye kafin alƙalami

Jama'a, musamman masu kaɗa jitar lantarki da masu burin a ƙera musu tasu ta musamman, don Allah ku karanta wannan kafin ku tura wa kowa kuɗi. Akwai wani mutum da ke tallata kansa a Instagram da Facebook a matsayin maƙerin jita, wai da hannunsa yake sassaƙa komai tun daga ɗanyen katako har zuwa fenti. Ɗan damfara ne. Ba zan kama sunansa ba, domin sunan shafin nasa canzawa yake yi duk lokacin da ƙorafi ya yi yawa, kuma ba shi kaɗai ne mai wannan ta'asa ba. Salon ne ba ya canzawa, shi ya kamata ku riƙe.

Shafinsa cike yake da hotuna masu ɗaukar ido: jita mai fuskar katakon mapul mai zane kamar harshen wuta, wuya mai sheƙi, shago tsaf da kayan aiki a rataye. Yawancinsu hotunan wasu maƙera ne na gaskiya, ya yanke gefen da tambarinsu yake. Duk wanda ya saka ɗaya a Google Lens zai ga inda aka kwaso shi. Idan ka yi masa magana, nan take yake amsawa, kuma ya iya bakinsa ƙwarai. Zai tambaye ka irin kiɗan da kake yi, kaurin wuyan da hannunka ya saba da shi, tsawon waya irin na kamfanin jita na Fender kake so, inci 25.5, ko irin na kamfanin Gibson, inci 24.75. Sai ka ji ka samu wanda ya fahimce ka. Daga nan sai ya ce gurbi ɗaya ya rage a jerin aikinsa na bana, ka ba da rabin kuɗi kafin alƙalami a yau, in ba haka ba wani zai riga ka.

Karɓar kafin alƙalami ba laifi ba ne a wannan sana'a, haka ma jinkiri. Maƙeri na gaskiya yakan ɗauki watanni, wani ma ya haura shekara, domin katako sai ya bushe har danshinsa ya sauko kusan kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari, kuma fentin naitiro, mai sheƙin nan da ake fesa wa jita, yana buƙatar makonni kafin ya yi taurin da za a goge shi. Wanda ya san jita ya san da haka, shi ya sa yake haƙuri. To, wannan haƙurin ne jarin mutumin nan. Cikin jinkirin da kowa ya yarda da shi yake ɓuya.

Ga yadda lissafinsa yake. Wanda ya biya ta PayPal yana da kwana 180 daga ranar biya ya shigar da ƙorafin cewa kaya bai iso ba. Masu katin banki ma suna da nasu wa'adin, sau da yawa kwana 120. Duk aikinsa shi ne ya lallaɓa ka har waɗannan kwanaki su wuce. Wata na farko zai turo hoton katako, ya ce naka ne. Daga baya sai uzuri ya fara zuwa bi da bi: injin ya lalace, fenti ya yi kumfa sai an kankare an sake, kayan ƙarfe sun maƙale a hanya, ba shi da lafiya, an yi masa rasuwa. Kowane uzuri kana iya yarda da shi idan shi kaɗai ne, kuma mutumin kirki yana jin nauyin matsa wa wanda ya ce yana cikin makoki. Ranar da wa'adi ya cika, sai amsa ta fara jinkiri, sai ta ɗauke gaba ɗaya. Idan ka yi magana a ƙarƙashin hotunansa, ya goge ya toshe ka.

Da yawa ma ba sa samun wannan wa'adin tun farko, domin yakan roƙi a tura kuɗin ta hanyar da PayPal ya ware don abokai da iyali, wai don a kauce wa cajin kamfani, har ya yi maka ɗan ragi a kai. Wannan hanyar ba ta da kariyar mai saye ko kaɗan. Haka ma turawa kai tsaye cikin asusu, ko biya da kirifto. Kuɗin da ya tafi ta nan ya tafi ke nan.

Abin da ya sa ya daɗe bai faɗi ba shi ne yakan kai wa wasu kaya. Da kuɗin sababbin shiga yake toshe bakin wanda ya fi hayaniya cikin tsofaffi, sai wannan ya saka hoto yana godiya, hoton kuma ya jawo wasu. Ɗaya daga cikin irin waɗannan jitocin an kawo mini ita in duba, domin mai ita ya ce duk yadda ya saita wayoyin, da zarar ya hau saman wuya sai sauti ya karkace.

Daga nesa kyakkyawa ce, ba ƙarya. Da na kwance sukurorin da suka riƙe wuya, sai ga guntun kwali an cusa a ramin don a cike giɓi, ga kuma lambar masana'anta an buga da tawada a gindin wuyan, an ɗan goga samfefa a kai amma ba ta fita ba. Wato kayan haɗa-da-kanka ne da ake sayarwa a kwali, ya fesa fenti ya liƙa tambarinsa. An yi wa mai ita alkawarin gangar jiki na mahogani da fuskar mapul mai kauri. Na ciro fikof, maganaɗisun nan da ke ɗaukar motsin waya, na haska bakin ramin da tocila. Mapul ɗin bai fi kaurin farce ba, falle ne kawai aka manna da gam. Katakon da ke ƙarƙashi fari ne, mai taushi, da na danna farce sai ya lotsa.

Fikof ɗin yana ɗauke da sunan kamfanin Seymour Duncan, samfurin JB, wanda aka caji kuɗinsa daban. Na ainihi idan ka ɗora masa mita zai nuna sama da om 16,000 kaɗan, wato ma'aunin turjiyar lantarki. Wannan bai kai rabin haka ba. Jabu ne, sunan kawai aka buga. Maɓallan ƙara da rage sauti ƙanana ne marasa suna, alhali an ce na kamfanin CTS za a saka, kuma liƙin dalmar wayoyin cikin ya yi dusu-dusu, taɓawa ɗaya waya ta ɓalle.

Duk wannan ana iya sauya shi idan mutum zai sake kashe kuɗi. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne gadar da wayoyi ke hawa a kai. A jita mai tsawon inci 25.5, daga maɗaurin sama, inda wayoyi ke hawa a saman wuya, zuwa firet na 12 (firet su ne siraran ƙarafan da aka jera a kan wuya) inci 12.75 ne, kuma daga firet na 12 zuwa gada dole ya zama kusan daidai da haka, da ɗan ƙari kaɗan. A nan an kafa gadar nesa da inda ya dace, har sukurorin saiti suka ƙure ba su kamo ba. Jitar da aka yi wa haka ba za ta taɓa ba da sauti daidai ba sai an toshe ramukan an sake huda wasu. Sandar ƙarfen cikin wuya kuma, wadda ake juyawa don a miƙe shi idan ya lanƙwashe, juyawa kawai take yi ba ta kama komai. Bakunan firet sun fito waje suna yankar yatsa, alamar katakon bai bushe ba aka yi aiki da shi. Mai wannan jitar fa shi ne wanda ake cewa ya yi sa'a, tunda shi ya ga kaya.

Akwai abubuwa biyu da yake yawan yi wa mutane tayi, kuma kowannensu ya isa ya sa ka ja da baya. Na farko, yakan ce yana da katakon rozwud na Brazil a ajiye, zai saka maka a fuskar wuya da ɗan ƙari kaɗan. Wannan katako yana cikin rukuni na ɗaya na yarjejeniyar CITES, mai taƙaita cinikin dabbobi da itatuwan da ke barazanar ƙarewa, tun 1992, ba ya tsallake iyaka sai da takardu. Sauran nau'o'in rozwud an sanya musu takunkumi a 2017, aka sassauta wa kayan kiɗan da aka gama ƙerawa a 2019, amma na Brazil bai shiga wannan sassauci ba. Saboda haka ko dai ƙarya yake yi ya ba ka katakon da aka rina, ko kuma gaskiya ne kwastan su ƙwace. Na biyu, yakan ce in kana so zai saka maka tambarin Gibson ko Fender a kan jitar. Wannan jabu ne a idon doka, kuma ana kamawa: a 2024 kwastan na Amurka sun kama jabun jitocin Gibson sama da 3,000 a tashar ruwan Los Angeles. Mutumin da ya yarda ya yi wa kamfani ƙarya saboda kai, ba zai ji kunyar yi maka ba.

Ba ina cewa a guji ƙananan maƙera ba. Akwai masu gaskiya da yawa, masu aikin da ya fi na manyan kamfanoni kyau, kuma su ne wannan mutum ya fi cuta, domin yana zubar musu da mutunci. Su ma sukan makara. Bambancin shi ne maƙeri na gaskiya idan ya makara yana ɗaukar waya, yana nuna maka inda aiki ya tsaya, kuma in ka gaji ka nemi kuɗinka zai zauna ku yi lissafi.

Don haka kafin ka biya, a rubuta komai: irin katako, kaurin fuska, tsawon waya, sunan kowane fikof da gada da makunnan ɗaure waya, ranar gamawa, da abin da zai faru in ranar ta wuce. A raba kuɗi kashi-kashi, kowane kashi sai an ga aikin da ya gabace shi. Kada ka yarda da hoto kawai. Ka nemi kiran bidiyo kai tsaye, ya rubuta sunanka da fensir a cikin ramin wuya kana kallo, kuma duk hoton da zai biyo baya a ga wannan rubutun. Ba ya ɗaukar minti ɗaya, mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Ka nemo tsofaffin abokan cinikinsa da kanka, ba waɗanda ya zaɓo maka ba, ka tambaye su yaushe suka biya, yaushe suka karɓa. Ka biya ta hanyar da ke da kariya ko da cajin zai hau kanka, ka kuma karanta sharuɗɗan, domin kariyar kayan da aka ƙera bisa oda takan fi ta sauran kaya ƙunci. Sannan ka sa alama a kalanda wata guda kafin wa'adi ya cika. Idan ranar ta zo babu jita a hannunka, ka shigar da ƙorafi, komai daɗin bakinsa. Zai roƙe ka ka janye, ya ce ƙorafin ya sa an daskarar masa da asusu shi ya sa ba zai iya turo kaya ba. Kada ka janye, domin wanda aka rufe ba a cika sake buɗe shi ba.

Waɗanda kuma ya riga ya karɓi kuɗinku, kada ku ƙara masa komai, ko da ya ce an gama saura kuɗin akwati da na aikawa. Wannan shi ne tatsa ta ƙarshe. Ku ɗauki hoton duk hirarku da shaidar biya tun kafin ya goge shafin, ku tuntuɓi bankinku yau, ku kai ƙara wurin hukuma, ku kuma nemi junanku, domin ƙarar mutum goma da hujja iri ɗaya ta fi ta mutum ɗaya nauyi. Da zarar kun yi maganar a fili, wasu za su shigo muku ta saƙo su ce su ƙwararru ne wajen dawo da kuɗin da aka damfara, in kun ba su wani abu tukuna. Su ma ku toshe su.