VLF ko PI: wacce na'urar gano ƙarfe ta dace da mai farawa?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu na Marwa a Kamaru ya kawo tambaya shekaranjiya. Yana so ya fara yawo da na'urar gano ƙarfe a ranakun hutu, ba don haƙar zinari ba, sai don tsofaffin kuɗi da zobba da abin da ƙasa ta haɗiye. An nuna masa iri biyu: ƙarama mai allo da ake kira VLF, da babba mai batir a goye da ake kira PI, wadda mai sayarwa ya rantse masa ta fi kaiwa zurfi. Wacce zai ɗauka?

Ƙanina, ɗauki VLF. Mai sayarwar bai yi maka ƙarya ba a kan zurfi, amma ba zurfi ne matsalarka ba.

VLF tana da waya biyu naɗe cikin faifanta, ɗaya tana aika maganaɗisu cikin ƙasa ba tsayawa, ɗaya tana sauraron abin da ya dawo. Da yake baƙin ƙarfe da tagulla da azurfa kowanne da irin amsarsa, na'urar tana iya rarrabe su, ta ba ka lamba a allo da kuka daban-daban: ƙusa ta yi gurnani, kwabo ya yi ƙara siririya. PI kuwa bugu take yi ta tsaya, ta saurari yadda amsar ke mutuwa. Amsar ƙasa tana mutuwa da wuri, ta ƙarfe tana ɗan jimawa, shi ya sa jar ƙasa mai marmara ba ta ruɗa ta sosai, kuma take jin abin da ke can ƙasa. Sai dai rarrabewarta ba ta taka kara ta karya ba. Ƙusa, gwangwanin sadin, zobe, kusan duk kira ɗaya za ta yi maka.

To yanzu ka dubi inda za ka yi yawon. Ranar da na fara fita, a yashin Binuwai nan Garwa, bayan ruwa ya janye, na yi awa uku ina tono. Abin da ya taru a leda: marafan kwalba sun fi ashirin, takardar sigari mai ƙyalli, ƙugiyar masunta guda biyu, sai dala biyar ɗaya da ta yi kore shar. Wannan fa da na'ura mai rarrabewa ke nan, na tsallake ƙusoshi ba adadi. Da PI ce a hannuna, kowace ƙusa sai na tona mata rami kamu guda, a ranar Garwa ta watan Afrilu. Bakin kogin Mayo Kaliyawo a wajenku ma haka yake, duk inda mutane suka daɗe suna zama cike yake da tarkacen ƙarfe. PI an yi ta ne don daji, inda ba shara, inda kowane kuka ya cancanci a tona. Shi ya sa masu zinari suka rungumi GPX, wata PI ta kamfanin Minelab na Ostareliya, daga Sudan zuwa Tibesti a Chadi, zuwa Jado a Nijar a 2014, zuwa Batha a Chadi a 2016. Aikinsu daban, naka daban.

Ga nauyi kuma. GPX 5000 ta haura kilo biyu, ban da batirin da ake ratayawa a jiki, ga maɓallai birjik da sai an zauna an koya. VLF irin su Garrett ACE 250 ko Nokta Simplex+ ba su kai kilo ɗaya da rabi ba, yaro ma zai lilo da su.

Batun kuɗi shi ne inda nake so ka buɗe kunne. GPX ta gaskiya miliyoyin sefa ce, ta ninka ƙaramar VLF sau goma ko fiye. In aka ce maka ga GPX sabuwa a kwali da kuɗin babur na hannu, jabu ce. An cika kasuwannin Afirka da su tun lokacin da zinari ya fashe a Sudan, launi ɗaya, rubutu ɗaya, cikin kuwa fanko. Wani abokina ya sayar da shanu biyu ya sayi irinta. Muka binne cokali a tsakar gidansa, ko taƙi bai kai ba, ta wuce ta kai shiru kamar an ɗauke wuta. Har yau in na tuna fuskarsa a ranar sai raina ya ɓaci. Araha ba ta ado. Haka nan waɗanda ake tallatawa masu eriya kamar ta rediyo, wai suna nuno zinari daga nisan kilomita, ka bar su inda ka gan su.

A cikin VLF ɗin ma akwai zaɓi. ACE 250 ta Amurka ce, tana cin ƙananan batura huɗu irin na rediyo, waɗanda za ka samu a kowane tebur, amma ba a iya daidaita ta da ƙasa, yadda aka saita ta daga masana'anta haka take. Simplex+ ta Turkiyya ce, ana cajinta kamar waya, tana shiga ruwa har mita uku, kuma tana da wannan daidaitawar: ka ɗaga faifai ka sauke a kan ƙasa mai tsabta har ta daina surutu. A yashin kogi duka biyun za su yi maka aiki. In za ka nufi wajen duwatsun Mandara ko jar ƙasar Ngaundere, wadda ake daidaitawa ita ce taka, don ɗayar za ta yi ta kukan banza a kan duwatsu masu ƙarfe. Ni da zan sake saye, Simplex+ zan ɗauka. Kada ka sa rai da abin da ya wuce taƙi ɗaya ko ɗaya da kaɗan a kan kwabo, kuma bayan ruwan sama ta fi ji.

Kafin ka fita ko'ina, binne dala biyar, ƙusa, marfin kwalba da zoben azurfa a tsakar gida, kowanne da tazararsa. Ka yi sati kana bi ta kansu da abin ji a kunne, faifai dab da ƙasa, a hankali kamar mai shara, har ka gane kowanne ido rufe.

Akwai abin da ya shafi na'urorin biyu baki ɗaya, kuma ya fi zaɓin muhimmanci a wurina. Gonar mutum sai da izininsa, fili kuma a gaida jauro ko lawan tukuna, a cike rami bayan an tona don ƙafar dabba. Tuddan Sao, mutanen zamanin dā, na wajen Kuseri da Gulfe da Gawi kusa da Injamena ba wurin wasa ba ne, kayan tarihi ne, kuma Kamaru tana da dokar 2013 da ke kare irinsu. Maƙabarta ba sai an faɗa ba. Sannan don Allah kada sha'awa ta kai ka wajen Kolofata da Mora da sauran bakin iyaka, inda aka sha binne abubuwan fashewa, ko arewacin Chadi inda nakiyoyin yaƙin Libiya ke kwance har yanzu. Ko a ina ne, in ka tono ƙarfen da ba ka gane ba, mai waya ko mai siffar harsashi, kada ka taɓa, ja da baya ka sanar da jandarma.

In ka shigo Garwa kafin ka biya kuɗi, ka neme ni bayan la'asar mu sauka bakin gada, ka riƙe tawa ka ji kukanta da kunnenka. Ka taho da ruwan sha da ƙaramar hauya.