Motata ta Farko: Shekara Biyar da Golf 3, da Juma'ar da Ta Ajiye Ni a Gadar Wudil

A makon jiya, muna zaune a majalisarmu bayan sallar isha'i, wani abokina ya jefo tambayar da ta hana mu tashi da wuri, wato da za a dawo wa kowannenmu da motarsa ta farko, zai karɓa ko zai ce a kai kasuwa? Ni ne na fara amsawa, kuma ban ko yi tunani ba na ce hannu bibbiyu zan karɓi tawa. Sai da na koma gida na kwanta, abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya, sannan na gane cewa bakina ya riga hankalina.

Golf 3 ce ƙirar 1995, koriya mai duhu, mai giyar hannu, 'yar Kwatano. Na saye ta a ƙarshen 2010, lokacin da motoci ke shigowa ta kan iyakar ƙasa ba tare da wata fargaba ba, tun kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da su ta tudu a farkon 2017. Kuɗin kuwa haɗe-haɗe ne: kwasar adashi, da ɗan rance daga wurin aiki, da abin da na samu bayan na sayar da babur ɗina. Wanda ya sayi mota a Kano a wannan zamani ya san farashin, kuma ya san irin dillalan da ake samu a bakin titi, don haka ba sai na tsaya bayani ba. Nawa dillalin ya rantse mini cewa wata tsohuwa ce ta hau motar a Jamus, daga gida sai kasuwa, daga kasuwa sai gida. Daga baya na fahimci cewa wannan tsohuwa ta hau kusan rabin motocin da aka sayar a Kano, Allah ya ba ta lada.

Gaskiya ɗaya da ba zan ɓoye ba ita ce motar ba ta da ci. A lokacin litar fetur naira 65 ce, tankinta kuma lita 55 yake ɗauka, saboda haka da abin da bai kai naira 4,000 ba nake cika ta maƙil, in yi kusan mako biyu ina zirga-zirga tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da wurin aiki ban waiwayi gidan mai ba. Ko da aka yi rikicin cire tallafi a Janairun 2012, farashi ya tsaya a naira 97, ban ji a jikina kamar yadda masu manyan motoci suka ji ba. Kayan gyaranta kuwa, ka shiga Ƙofar Ruwa ka ambaci sunanta kawai, yara uku za su ruga su kawo maka abu ɗaya, sabo da na Beljiyam, ka zaɓa. Ranar da na kai ta gida, Hajiya ta fito har ƙofar gida ta dafa bonet ta yi addu'a, ta ce Allah ya tsare, ya sa an fara ke nan. Wannan rana ba ta da na biyu a wurina.

Inda aka fara samun matsala shi ne shawarar da kowa ya ba ni tun a makon farko, cewa motar Turai ba ta san zafin Kano ba, dole ne a cire mata tamostat, wato ɗan abin da ke daidaita zagayawar ruwan sanyaya inji, a kuma haɗa fankar lagireto kai tsaye, yadda da an murza makulli za ta kama juyawa. Yadda masu motar suka tsara ta, akwai wani ɗan makunni a jikin lagireto da ke jin zafin ruwa, idan ya kai wani mataki ya tayar da fanka, idan ya sauka ya kashe ta, ga kuma fiyus da ke tsare wayoyin. Ni da ban san komai ba sai na bi yarima na sha kiɗa. Na kai ta wurin wani mai gyaran waya a unguwarmu, ya yanke abin da ya yanke, ya jawo wata 'yar siririyar waya ya murɗa ta da haƙori, ya naɗe da baƙin salatif, ya ce, “Oga, ka je har Legas ka dawo.” Fiyus kuwa ko zancensa bai yi ba. Shekara ɗaya da rabi wannan waya ta yi tana cin wuta a ɓoye ban sani ba.

A watan Afrilun 2012 aka sa ranar ɗaurin auren ƙanena a Gaya, bayan sallar Juma'a. Baffanmu, wan mahaifinmu, shi ne wakilin ango, kuma sadakin yana aljihunsa. Akwai motoci masu lafiya a cikin dangi, har da wata sabuwa dal ta ɗan gwaggonmu, amma ni na kafe cewa Baffa a motata zai tafi, domin ina son a ga ni ma na zama mutum. Na wanke ta tun da asuba, na fesa turare, na ɗauko Baffa da wasu dattawa biyu abokansa. Baffa ya sha babbar riga ta farar shadda mai aiki har gwiwa, sitaci yana ƙara duk inda ya motsa. Muka tsaya a Mariri aka ɗauki goron da aka yi oda, aka zuba a but tare da katan ɗin alawa da dabino, muka kama hanya da misalin ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, ina lissafin cewa kafin liman ya hau mumbari mun isa.

Abin da na manta shi ne Juma'a ce ranar kasuwar Wudil. Tun kafin mu hango gada muka tarar da cunkoso, tireloli cike da shanu, akori-kura, motocin haya, masu babura suna kutsawa ta ko'ina, ga aikin hanyar Maiduguri da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Rana kuwa ta take kamar a gasa gurasa a kan bonet. Muna tafiya taku ɗaya mu tsaya, taku ɗaya mu tsaya, sai na ji wani wari kamar ana ƙona roba. Na ɗauka daga waje ne. Can idona ya kai kan allurar zafi, na ga ta wuce inda na saba ganinta tana neman ja. Maimakon in kashe motar nan take, sai kunya ta hana ni, na ce a raina bari in lallaɓa mu haye gada tukuna. Ba mu haye ba. Muna daf da hawa wani farin tururi ya taso ta gefen bonet ya rufe gilashin gaba, injin ya yi tari sau biyu ya mutu, motocin baya suka ɗauki ham kamar ni na ƙirƙiro cunkoson.

Baffa bai ɗaga murya ba. Ya dubi agogonsa, ya dube ni, ya ce, “Ɗan nan, lafiya dai ko?” Na ce, “Allah ya ƙara girma, ɗan zafi ne ta ɗauka, yanzu za mu wuce.” Wasu samari suka taya ni tura ta gefe. Wanda ya san wannan mota ya san ba ta da murfi a kan lagireto, ruwanta ana zuba shi ne ta wata 'yar zagayayyar butar roba da ke gefen inji. Butar nan tana ta kuka kamar tukunya a kan murhu, ni kuma cikin gaggawa na sa hankici na murɗe murfin. Ruwan da ya yi tsalle ya sami bayan hannuna na dama, kuma har yanzu da nake wannan rubutu tabon yana nan, fari-fari kusa da babban yatsa. Sannan na ƙara aikata kuskure na biyu, na kira yarinya mai tallar fiya wata mai sanyi na saye duk abin da ke cikin bokitinta, na riƙa fasawa ina ɗurawa a cikin injin da ke tafasa. Wani direban Golf ta haya da ya tsaya kallo ya kama kai ya ce, “Wayyo Malam, ai ka gama da ita.” Shi ne ya leƙa ya zaro mini wayar fankar, ta narke ta manne da salatif ɗin kamar alewa. Ashe tun daga wajen Mariri fanka ba ta juyawa, iskar gudu ce kawai take rufa mana asiri.

Ƙarfe ɗaya ta gota, waya ta fara shigowa daga Gaya. Sauran motocin dangi duk sun riga mu wucewa tun da hantsi, ba wanda zai iya juyowa cikin wannan cunkoso. Babu yadda za a yi, sai ɗan acaɓa. Ina ji ina gani dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya ya tattare babbar rigarsa ya ɗora a kafaɗa, ya dafa ni ya hau bayan babur, hannu ɗaya a kan hula, ɗaya a kan aljihun da sadaki yake. Abokansa biyu suka hau wani babur ɗin tare, aka ɗora musu ƙullin goro a tsakiya. Kafin su tashi Baffa ya waiwayo ya ce, “Allah ya kyauta,” bai ƙara ko kalma ɗaya ba, kuma da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. An ba ni labari cewa sun isa an daɗe da idar da salla, dangin amarya sun fara ƙananan maganganu, farar shaddar nan ta koma ruwan ƙasa. An dai ɗaura aure. Ni kuwa ɗaurin auren ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya a gefen gada na yi shi, ina gadin katan ɗin alawa, ina jiran janwe har bayan la'asar.

Da aka buɗe injin a gareji, gaskit ta ƙone, kan injin kuma ya lanƙwashe saboda ruwan sanyin da na ɗura, sai da aka kai shi aka goge. Aikin da bakanike ya ce kwana uku ne ya cinye mako uku, kullum gobe, kullum an tura yaro Ƙofar Ruwa bai dawo ba. Wani dattijon makanike da ke maƙwabtaka da shi ne ya zaunar da ni ya ce waɗanda suka ƙera motar ba mahaukata ba ne, da an bar mata tamostat da makunnin fankarta, an wanke lagireto kawai, da ba a yi haka ba. Na yarda laifin ba na motar ba ne, na mai waya ne da kuma nawa. Amma a wannan zama ne kuma aka gano mini abin da dillali ya ɓoye, domin da aka ɗaga kafet ɗin but sai ga walda daga wannan gefe zuwa wancan, alamar an taɓa bugunta ta baya aka cike aka fesa fenti. Wato tsohuwar nan ta Jamus har tsere take yi. Na koma wurin dillalin, ya ce shi ma haka aka kawo masa, kuma ai ciniki ya faɗa tun bara waccan. La'adar da na ba shi da ɗan ƙarin goro a kai, har yau idan na tuna sai raina ya sosu.

To daga nan ne sauran ƙorafe-ƙorafen suka dawo mini da na kwanta ina tunani. Na'urar sanyaya ciki ba ta taɓa aiki ba tun ranar da na saya, duk da an ce mini gas ne kawai ya ƙare. Gilashin ɓangaren direba ya faɗa cikin ƙofa a tsakiyar damina, na yi wata biyu ina tokare shi da sukundireba. Salansa kuma, saboda motar gajera ce, babu tudun rage gudun da bai gaisa da ita ba daga Kabuga har Rijiyar Zaki. Uwargida ta sa mata suna Sai-an-tura a wata shekarar da batir ya ƙi zama, yaran unguwa kuma suka haddace lokacin fitata da safe, suna jira a ƙofar gida saboda naira ashirin-ashirin ɗin da nake ba su.

Sai dai in za a yi adalci, bayan an mayar mata da wayoyinta yadda suke tun asali, ba ta sake ɗaukar zafi ba ko sau ɗaya. Na je Sakkwato da ita na dawo, na je Abuja ba adadi, kuma a kujerar bayanta aka ɗauko ɗiyata ta fari daga asibiti, kakarta na rungume da ita tana ce mini in rage gudu alhali ko giya ta uku ban sa ba. Motar da nake hawa yanzu ta fi ta komai a ido, amma idan wata fitila ta kama a gabanta sai an nemo mai kwamfuta, kuɗin dubawa kaɗai ya isa a yi wa waccan juyen baƙin mai sau biyu a zamaninta. Da fetur ya haura naira 1,000 a 2024, babu motar da na riƙa tunawa kamar ita.

Na sayar da ita a 2015 ga wani direba da ke jigila tsakanin Kano da Katsina. Bayan kamar shekara huɗu na gan ta a bakin tasha, na gane ta ne da wata 'yar lotsawa a ƙofar baya wadda ni na yi ta da ƙofar gidanmu. An ɗaga mata baya, an cika but da buhuna har murfin ya ƙi rufuwa an ɗaure da igiya, mutum biyu a gaba ban da direba, huɗu a baya. Na gaisa da mai ita, ya ce, “Alhaji, ai wannan ƙarfe ce, in kana so ka kawo kuɗi in mayar maka.” Na yi dariya na ce zan yi shawara, kuma Allah ya sani sai da na karɓi lambarsa.

Jiya na koma majalisa na janye maganata, na ce in kyauta ce zan karɓa in ajiye a gida saboda cefane da kai yara makaranta, amma ko sisina ba zan sake sawa a kanta ba, kuma ba za ta ƙara ɗaukar wani babba nawa ba. Baffa ya rasu shekara uku da suka wuce, Allah ya jiƙansa da rahama. Har ya bar duniya bai sake shiga motata ba, ko waccan ko wadda ta biyo bayanta, kuma duk sallar da na je gaishe shi, bayan an gama gaisawa, sai ya gyara zama ya ce, “Ɗan nan, motar taka ta sha ruwa kuwa?”