Mr. Bad Guy ko Barcelona: da wanne za a fara a faya-fayen Freddie Mercury?

Ɗan uwa, na ga tambayar da ka jefo jiya. Ka ce ka kalli fim ɗin Bohemian Rhapsody, inda aka nuna kamar faifan da Freddie Mercury ya yi shi kaɗai ne ya kusa wargaza ƙungiyar Queen, sai ka bi ra'ayoyin masu sauraro ka tarar kai ya rabu, wasu na yabo wasu na kushe, kuma ka ga ashe faya-fayen biyu ne. Kana so ka san da wanne za ka fara. Na daɗe ina jin su duka biyun, kuma ina son muryar mutumin nan ƙwarai, don haka ga abin da na gani.

Da farko dai fim ɗin ya ƙara gishiri. Freddie bai riga kowa fita yin nasa ba. Mai ganga Roger Taylor ya fitar da Fun in Space tun 1981, mai jita Brian May ya yi Star Fleet Project a 1983. Queen kuma ba ta watse ba, don ta fitar da The Works a 1984 tana ta yawon wasanni har watan Mayun 1985, wata biyu kafin babban wasan neman tallafi na Live Aid na ranar 13 ga Yuli a filin Wembley.

Mr. Bad Guy ya fito ranar 29 ga Afrilun 1985. Waƙoƙi 11 ne, duk shi ya rubuta, kuma a situdiyon Musicland da ke birnin Munich na Jamus ya ɗauke su tare da mai haɗa sauti Reinhold Mack. Ya kai mataki na 6 a jerin faya-fayen da suka fi kasuwa a Birtaniya, amma a Amurka iyakarsa na 159. Ya sadaukar da shi ga kyanwarsa Jerry da sauran kyanwowinsa da masu son kyanwa, wanda ke nuna maka cewa aikin nasa ne, yadda ransa yake so ya yi shi.

Masu kushe shi yawanci tsofaffin masoyan Queen ne, kuma ƙorafinsu ɗaya ne: sun zo neman rok suka tarar da disko. A lokacin Freddie ya nutse cikin kiɗan gidajen rawa na Munich, sai faifan ya cika da kibod da bugun na'ura. Waɗannan mutane tun ba su huce da Hot Space na 1982 ba, faifan da Queen ta karkata ga irin wannan kiɗa, sai ga shi an sake kawo musu. Har akwai masu cewa jitar da Paul Vincent ya kaɗa a "Man Made Paradise" kwaikwayon Brian May ce, to in kwaikwayo za a yi, me ya hana a kira mai abin? Masu yabo kuwa cewa suke a nan ne ake jin Freddie ba tare da kowa ya taka masa birki ba, da barkwancinsa da kaɗaicinsa. Suna kafa hujja da "Love Me Like There's No Tomorrow" da "There Must Be More to Life Than This", wadda ya taɓa gwada rerawa tare da Michael Jackson amma ba a fitar da wancan ɗaukar ba sai 2014.

Akwai gwajin da za ka yi da kunnenka, kuma shi ya raba mini gardama. Bayan rasuwar Freddie ranar 24 ga Nuwamban 1991, sauran 'yan Queen ukun sun ɗauko muryarsa daga waƙoƙi biyu na wannan faifai, "Made in Heaven" da "I Was Born to Love You", suka sake musu kiɗa a faifan Queen na 1995. Sa abin ji a kunne da dare, ka kunna "Made in Heaven" ta 1985, sannan nan take ka kunna ta 1995. Murya ɗaya ce, numfashi ɗaya. A ta farko tana tafe a kan fiyano da kibod, siririn kiɗa, kamar mawaƙin da ya fito fage ba 'yan amshi. A ta biyu gangar Taylor ce ke dukan ƙirjinka tun daga buɗewa, jitar May tana amsa masa duk inda ya ɗaga murya. Ranar da na fara yin haka sai da na maimaita sau uku. Na gane cewa waƙoƙin ba su da laifi, abokin karawa suka rasa. Haka "Living on My Own": a 1985 ta tsaya a mataki na 50, amma da aka sake mata kiɗa a 1993 ta hau na ɗaya a Birtaniya.

To Barcelona fa? Shi ya fito ranar 10 ga Oktoban 1988, waƙoƙi 8 kacal, kuma a gaskiya na mutum biyu ne, shi da Montserrat Caballé, mawaƙiyar ofera 'yar ƙasar Sifaniya. Tun da ya ji ta a Royal Opera House da ke Landan muryarta ta kama shi. Sun haɗu a otal ɗin Ritz na birnin Barsalona a 1987, ya zo mata da wani ɗauka da ya yi yana kwaikwayon irin muryarta, wanda daga baya ya zama waƙar "Ensueño". Mike Moran ne ya taya shi tsara kiɗan, Tim Rice ya rubuta baitocin waƙoƙi biyu, John Deacon na Queen ya kaɗa bes a "How Can I Go On". Idan kai ɗan ƙwallo ne, waƙar da faifan ya ci sunanta ita ce Caballé ta rera a Camp Nou kafin wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai na 1999, ranar da Manchester United ta doke Bayern Munich da ci 2 da 1.

Shi ma bai tsira daga baki ba. 'Yan rok sun ce wannan ba nasu ba ne, 'yan ofera suka ce ba nasu ba ne, wasu kuma suka ce an cika kumbura abin. Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne duk wannan kiɗa mai kama da na babbar tawagar makaɗa a kibod aka yi shi. An gyara wannan a 2012, aka sake ɗaukar kiɗan da tawagar makaɗa ta gaske a birnin Prague, Stuart Morley ya tsara. Ko nan ma kai ya rabu, domin akwai masu cewa na 1988 ne Freddie ya ji da kunnensa ya amince, ba a taɓa shi.

Ka lura, a duka biyun kayan kiɗa ake kuka da su, muryar kuwa ba mai taɓa ta. Inda suka sha bamban shi ne a Barcelona ya sami wadda ta fi shi horon murya, dole ya tashi tsaye. Saurari "Ensueño", inda ya sauko da murya ƙasa, irin wadda yake magana da ita, ya bar mata sama. Ko "The Golden Boy", wadda ta fara a hankali sannan ta ɓarke da amshi irin na waƙar coci. Ban ji ya yi irin wannan natsuwa a ko'ina cikin Mr. Bad Guy ba. Kuma idan na tuna cewa a lokacin ya riga ya san ciwon ƙanjamau da ke jikinsa, "How Can I Go On" takan yi mini nauyi a zuciya.

Ni dai Barcelona na fi so, kuma shi nake ji daga farko har ƙarshe ba tare da na tsallake waƙa ba. A Mr. Bad Guy akwai uku ko huɗu da nake wucewa, irin su "Let's Turn It On". Amma tunda ta ƙofar Queen ka shigo, shawarata ka fara da Mr. Bad Guy, ka nemi gyararren ɗaukar 2019 wanda muryar ta fi fitowa fili a cikinsa, ka yi gwajin nan na "Made in Heaven". Daga nan ka wuce Barcelona na 1988, ka bar na 2012 sai ka saba da na asali.