Kejin kama mage na masu walda a Birnin Kebbi: yana kamu, amma ina za ka kai abin da ka kama?

Wannan kejin ba a shago ake sayar da shi ba. Masu walda ne ke haɗa shi idan ka je musu da bayani ko ka nuna hoto a waya. Nawa wani matashi ne ya yi mini a kan hanyar shiga Badariya, kuma tun da mutanen shiyarmu suka gan shi ake ta zuwa aro, wasu na tambaya ko su ma su bayar a yi musu. Shi ya sa na ga gara in faɗi abin da na gani a kansa, mai daɗi da marar daɗi.

Tsawonsa kamar ƙafa biyu da rabi ne, faɗi da tsayi kuwa kusan ƙafa ɗaya-ɗaya. An yi ƙashinsa da siririn rodi, aka lulluɓe da ragar waya mai kauri. Ƙofa ɗaya gare shi a gaba, ana ɗaga ta sama a maƙale da wani ƙarfe da ya bi ta rufin kejin har zuwa wani faranti da ke ƙasa can ciki. Abincin yana bayan farantin. Da mage ta taka, sai ƙarfen ya zame, ƙofa ta faɗo, ɗan sakata ya riƙe ta. Ba ya karya ƙafa, ba ya shaƙe wuya irin zargen wayar da yara ke ɗanawa a bakin rariya. Kuɗinsa, ƙarfe da ladan aiki, bai wuce na manyan zakaru biyu ba.

Abin da ya kai ni ga yin sa rigima ce. Maiɗakina na kiwon kajin Hausa, ni kuma ina da tantabaru. Kaza za ta ƙyanƙyashe, kafin 'yan tsakin su yi fiffike sai a wayi gari rabi babu. Haka ake yi wa gidaje da dama a layinmu, kuma kowa ya ɗora wa magen da ke yawo bisa katanga da dare. Wani dattijo maƙwabcinmu, mutumin kirki ne a sauran al'amura, haƙurinsa ya ƙare, ya kwaɓa shinkafar ɓera da kawunan kifi ya zuba a bakin bola. Mage biyu suka mutu. Agwagin wata tsohuwa da muke kira Inna su ma suka ci, aka tsince su a kwance bakin kwata. A wannan lungun ne kuma yaranmu ƙanana ke wasan ƙasa tun safe. Da na ga abin da guba ta yi, na ce ko nawa ne zan biya a yi abin da zai kama mai laifi da ransa.

Wajen kamu kam ba ni da ƙorafi. Na gwada shi da nama, na gwada da kifin gwangwani, amma babu abin da ya kai kan busasshen kifi, irin wanda ake kawowa daga Yawuri, an ɗan jiƙa shi da ruwan zafi don ƙamshin ya tashi. A zuba kaɗan a bakin ƙofa, kaɗan a tsakiya, sauran a bayan faranti. Idan aka shimfiɗa kwali ko tsohon buhu a ƙasan kejin sun fi saurin shiga, domin ba sa son taka waya. Ƙofar ba ta taɓa cijewa ba, sakatan bai taɓa saki ba. Yaron ya iya aikinsa a wannan ɓangaren.

Sai dai keji bai san magen gida da ta bola ba. Farkon wadda ta faɗa ciki ta Inna ce, fara mai ɗigon baƙi a goshi, wadda ta shekara da shekaru tana kwana a ƙarƙashin gadonta. Ko da gari ya waye labari ya riga ya isa, sai ga ta da sandarta a zaurena.

"Malam, mussata ce ka rufe? Mi ta yi maka? An kashe min agwagi ban ce komi ba, yanzu kuma ita?"

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba ita nake nema ba. Ga ta nan lafiya lau, ko ƙwarzane babu."

Da na buɗe ta gani da idonta, sai ta sauko. Da guba ce, da babu abin da zan nuna mata sai gawa, kuma da gaisuwa ta yanke tsakanin gidajenmu. A wurina wannan shi ne babban amfanin kejin, ya fi kamun kansa: abin da ya shiga bisa kuskure yana fita da ƙafarsa. Ya kama kazar maƙwabta, ya kama bushiya, duk an sake su.

Ɓarawon da ake nema ya shiga daga baya, wani ƙaton muzuru mai yagaggen kunne. Amma bayan an ɗauke shi 'yan tsaki ba su daina ɓacewa ba. Da muka ɗaga akurkin maiɗakina sai ga ramin gafiya a ƙarƙashi, da rana kuma shirwa na shawagi bisa gidan tana jiran kaza ta fito da 'ya'yanta tsakar gida. Mage ake gani, don ita ke tafiya a sarari, shi ya sa ake ɗora mata har laifin da ba nata ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: mun bar 'yan tsaki a fili dare da rana, mun zubar da ƙashin kifi da sauran tuwo a bakin ƙofa, sannan muna mamakin baƙin da ke zuwa.

Aibin kejin na farko tsinin waya ne. Inda aka yanke ragar an bar bakinta a tsaye ta ciki, mage kuwa idan ta ji an rufe ta haukacewa take yi, ta dinga dukan raga da fuska. Muzurun nan sai da ya fasa hanci. Na mayar aka goge tsinin da garanda aka lanƙwashe sauran, kuma na lura da zarar an yafa wa kejin buhu ya yi duhu, sai dabbar ta natsu. Na biyu, babu ƙofar baya, don haka sa abinci sai ka zura hannu har kafaɗa, sakin dabba kuma sai ka kai yatsunka kusa da bakinta. Hannun ɗauka ma a kan raga yake kai tsaye, farce na iya kai maka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ciwon haukan kare galibi daga kare ake ɗaukarsa, amma mage ma na iya ɗauke da shi, kuma idan alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan babu tsira. Wanda mage ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya wuce asibiti a ranar, kada ya tsaya shafa toka ko man gargajiya. Na uku fenti ne, da damina ta sauka tsatsa ta kama farantin har ya fara nauyin motsi, sai da na riƙa ɗiga masa baƙin mai.

Abin da ya fi damuna kuwa ba laifin mai walda ba ne, na masu aro ne. Wani ya karɓa ya ɗana, ya tafi ƙauye ɗaurin aure. A garin nan, watan Maris da Afrilu zafi na haura digiri 40, ƙarfe a rana kuwa ko hannu ba ya taɓuwa. Allah ya sa matarsa ta ji kuka ta aiko aka buɗe. Kowa a cikinmu ya san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na matar da ta shiga wuta saboda mage: ta tsare ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba, har ta mutu. Duk wanda ya ɗana wannan kejin ya manta da shi, abin da matar nan ta yi shi yake yi. Tun daga ranar ba na bayar da shi sai da sharaɗi: a ɗana bayan isha'i, a leƙa kafin a kwanta, a leƙa da asuba, da rana kuma a kife shi ƙofa a rufe. Idan mace ce aka kama, a duba cikinta. In nonuwanta sun kumbura tana shayarwa ne, a sake ta nan take, don akwai 'ya'ya a wani kango da za su mutu da yunwa. Kuma kada a bar yara su kewaye ta da tsinke da duwatsu, musamman baƙa, da wasu ke cewa mayya ce ko aljana. Dabba ce kawai, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu.

To, ka kama, ina za ka kai ta? Nan ne mafi yawan masu sha'awar kejin ba su yi tunani ba. Abin da aka saba shi ne a sa a buhu a kai bakin mahauta ko fadama a yar. Idan wurin kusa ne za ta dawo, don mage ta san hanyar gida. Idan nesa ne, ka kai wa wasu bayin Allah damuwarka, ko ka jefa ta inda ba ta san ruwa ko mafaka ba. A layinka kuma ba a daɗewa wata za ta maye gurbin, tunda bolar da ta jawo ta farko tana nan. Lissafin ma ba ya goyon bayan mai kwasa: cikin mage kwana 63 zuwa 65 ne, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kowane karo 'ya'ya uku zuwa biyar, 'yar da aka haifa kuma kafin ta cika wata shida ta isa ɗaukar ciki. Mun kuma ga abin da ya biyo bayan gubar nan: ɓeraye suka samu sarari. Nan Kebbi kusan kowane gida akwai buhunan shanshera a ɗaki, kuma ba ɓarnar hatsi kaɗai ake ji ba, zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera a kan abinci yake kama mutane, ya fi kuma tsanani da rani. Dattijon da ya zuba gubar da kansa ya zo yana kukan ɓeraye sun huda masa buhuna.

Muzurun na kai shi asibitin dabbobi a cikin kejin. Likita ya yi masa allurar barci ta tsakanin raga, ya dandaƙe shi, ya yi masa rigakafin haukan kare, ya ɗan yanke tsinin kunnensa na hagu don a gane an yi masa aiki. Haka ake yi wa magen titi a Ingila da Amurka da Turkiyya, a kama, a yi aikin, a mayar inda aka ɗauko. Kafin in je na tambayi limaminmu, ya ce malamai sun yi saɓani, amma da yawa sun halatta idan akwai maslaha kuma ba a azabtar ba, ya kuma tuna mini cewa mu ne ke mayar da bunsuru taure. Muzurun ya dawo layinmu, ya rage kukan dare da faɗa da fitsarin nan mai wari a jikin ƙofa. Amma kada a ruɗe ku, dandaƙa ba ta hana farauta. In ya samu ɗan tsako a fili zai ci.

Abin da ya tsare mana kaji raga ce. Na sa mai waldan ya yi wa maiɗakina akurki mai ƙafafu, da raga mai ido rabin inci a kowane gefe har ƙasa. Ragar kaji da aka saba sayarwa idonta ya yi faɗi, hannun mage na shiga, ɓera ma na ratsawa. 'Yan tsaki na zama ciki har su yi wata ɗaya da rabi. Ɗakin tantabaru kuma na ɗaga shi bisa turke na naɗe turken da langalanga mai santsi, farce ba ya kamawa. Tun daga nan asarar ta tsaya. Wanda kuɗinsa ba zai isa keji da raga duka ba, ya fara da raga.

Maganar ta kai gaban mai unguwa, don Inna ta ce sai an biya ta agwaginta. Dattijon ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ma kajina aka cinye, wa zai biya ni?" Aka yi ta ja, daga ƙarshe ya biya rabi, aka kuma tsayar da cewa babu mai ƙara zuba guba a waje, mai mage ya sa mata alama a wuya, kuma duk abin da keji ya kama a bari gari ya waye a tambayi maƙwabta kafin a yi komai da shi. Alamar ta zama ta roba mai talewa, ba igiya ba, don kada ta sarƙe a reshe ta rataye dabbar. Dattijon har yanzu yana ganin ɓata kuɗi ne kai mage asibiti, kuma ban iya canza masa ra'ayi ba.

Keji ɗaya ya isa layi guda, ba sai kowane gida ya yi nasa ba, amma ya zauna a hannun mutum ɗaya da zai riƙa bibiya. Mai son a yi masa ya gaya wa mai walda tun farko: ƙofar baya mai zamewa, farantin ƙarfe a ƙarƙashin hannun ɗauka, a goge duk tsini, a shafa jan fentin hana tsatsa kafin na sama. Inda muka tsaya yanzu shi ne matan mage. Aikin mace tiyata ce ta buɗe ciki, ya fi na namiji tsada nesa, kuma likitan ya ce in abin ya zo da matsala sai asibitin koyarwa na dabbobi da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Akwai mata biyu a kangon bayan masallaci, ɗaya da tsohon ciki. Mun fara karo-karo, gidaje huɗu sun bayar, sauran sun ce sai an yi albashi.